Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga likitocin dabbobi na birnin Kano: karnuka na mutuwa da dare, ana korar masu gadi da sunan guba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, likitoci, na gwamnati da masu asibitin kansu, manya da masu tasowa. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ni ba likita ba ne, ban kuma yi karatun dabba ba. Aikina kula da masu gadi da karnukan gadi a wasu sito-sito da ke Sharada, bana shekara 11 ke nan. Ina rubuto muku ne a madadin mutanen da ke kwana da manyan karnuka amma ba su ne masu su ba: masu gadin dare na Sharada da Bompai da Challawa, da yaran da ke zuba wa karnuka abinci a gidajen Nasarawa da Hotoro. Ba su aiko ni da takarda ba. Mun dai sha zama a bakin get bayan sallar isha'i muna wannan maganar, kuma cikinmu ni ne mai ɗan iya riƙe biro.

Maganar a kan ciwon nan ne da kuke kira GDV a takardunku, wanda ni na ga ya dace a ce masa murɗewar tumbi. Ban taɓa jin sunansa ba sai ranar da ya kashe mana kare, ya kuma raba wani dattijo da abincinsa.

Karen sunansa Duna, Jaman Shefad ne, irin wanda muke cewa karen 'yan sanda, ya kai shekara 7. Cikin sanyi ne, an yi biki a gidan Alhaji, maigidanmu, aka aiko mana da ragowar shinkafa da miya cike da daro. Duna ya wuni a keji bai ci komai ba, kamar yadda muka saba, don an ce mana kare mai yunwa ya fi zafi da dare. Ƙarfe goma Baba mai gadi ya ajiye masa daron, ya share shi tas kafin a ƙifta ido, ya kwankwaɗi ruwa, aka sake shi yana ta tsere a jikin katanga. Wajen sha biyu Baba ya ga ya kasa zama ya kasa kwanciya, yana ta kakarin amai amma ba abin da ke fita sai farin kumfa, yawu na dalala. Baba ya yi abin da duk wani mai gadi a Kano zai yi: ya ce an jefo masa guba, ya nemo manja da madara ya ɗura masa. Ƙarfe ɗaya ya kira ni. Da na iso, cikin Duna ya cika ya yi tam, in ka ƙwanƙwasa bayan haƙarƙarinsa sai ka ji kamar ganga. Muka sa shi a mota, muka zaga asibiti uku. Biyu a kulle, lambar da ke jikin allonsu ba ta shiga. Na ukun mai gadinsu ya leƙo ya ce likita sai takwas na safe. Ana kiran assalatu Duna ya mutu a bayan motar.

Da gari ya waye Alhaji ya ce ba yadda za a yi a ba kare guba a cikin katanga ba da hannun na ciki ba. Kafin azahar Baba ya ɗaure kayansa. Ni ne na nace a buɗe gawar, wani matashin likita ya yarda, Allah ya saka masa da alheri. Ya nuna mini tumbin da idona: ya juye, ya yi baƙi ƙirin ta gefe guda, saifa ta bi shi ta kumbura. Ba guba ko ɗigo. Na kai wa Alhaji labari ya yi shiru, amma bai aika a kira Baba ba. Babba ba ya son a ce ya yi kuskure a gaban yaransa.

Ƙorafina na farko, ranku ya daɗe, shi ne ba ku gaya mana ba. Shekara 7 ina kai Duna allura. An yi masa ta haukan kare, an ba shi maganin tsutsa, an koya mini yadda zan yi da kaska, katinsa ya cika da hatimi. Duk shekara in 28 ga Satumba ta zagayo ana yekuwar ciwon haukan kare, kuma daidai ne, don wannan yana kashe mutum. Amma ba a taɓa ɗaukar minti biyu an ce mini, ka ga karen nan mai zurfin ƙirji, akwai ciwon da zai iya kashe shi tsakanin isha'i da asuba, ga alamunsa. Kuma ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Bayan mutuwar Duna, likitan nan ya zaunar da ni ya yi mini bayaninsa tsaf kafin shayinmu ya huce.

Ga yadda na fahimce shi, ku gyara mini in na kauce. Tumbin kare kamar jaka yake mai baki biyu, ɗaya na karɓar abinci daga maƙogwaro, ɗaya na tura shi hanji. A babban kare mai dogon ƙirji, jakar nan tana da filin lilo. In ta cika da iska da abinci sai ta iya juyawa, rabin zagaye ko har zagaye guda, bakunan biyu su shaƙe kamar an murɗe wuyan buhu. Daga nan ba gyatsa, ba amai, ba wucewa ƙasa, iska kuwa sai ƙaruwa take. Tumbin da ya kumbura sai ya danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, ya tokare huhu, numfashi ya gajarta. Shi kansa tumbin jini ya daina isa gare shi, namansa ya fara mutuwa. Abin da ya sa ake lissafin wannan ciwon da awa, ba da kwana ba, ke nan.

Karnukan da abin ya fi kamawa su ne dai waɗanda Kano ta cika da su a shekarun nan: Jaman Shefad, Rotwaila, Dobaman, Burbul na Afirka ta Kudu, Kokeshiyan, da uwa-uba Giret Den. Binciken da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fitar a shekarar 2000, wanda ya bi karnuka fiye da 1,600, ya ƙiyasta cewa kusan 4 cikin kowane Giret Den 10 za su gamu da shi a rayuwarsu. Karnukanmu na gida, irin na mafarauta, ba kasafai yake kama su ba. Ina jin shi ya sa iyayenmu ba su bar mana sunansa ba, ba su kuma bar mana maganinsa ba. Mun sayo karnukan wasu ƙasashe da kuɗi masu yawa, ba mu haɗo da sanin ciwonsu ba.

Ƙorafi na biyu shi ya fi damuna, don a nan ne saninmu ke cutar da mu. Bahaushe ya san kumburin ciki. Duk wanda ya taɓa kiwo ya ga akuya ta ci dusa ta wuce ƙima ko saniya ta afka wa ɗanyar ciyawar farkon damina, cikinta ya haye. Mun san a ɗura mata man gyaɗa, a kora ta ta yi tafiya, a jira ta yi gyatsa, kuma sau da yawa takan tashi. Yawancin masu gadinmu daga ƙauye suka zo, wannan shi ne ilimin da ke hannunsu. To kare ya kumbura, me kuke so su yi? Ko su ce kumburi ne irin na akuya su ɗura mai su jira, ko su ce guba ce su ɗura manja da madara su jira. Duk biyun jira ne, jiran kuwa shi ke kisa. Ƙofar tumbin a rufe take, abin da aka ɗura ba inda za shi, ƙarshenta ma ya faɗa huhu ya ƙara wata masifar. Na ji labarin wanda ya ɗauko wuƙa zai huda cikin kare kamar yadda ya ga ana yi wa sa. Ban zarge shi ba. Wanda bai taɓa jin bambancin ba, ta ina zai sani?

Kuma alamun ba masu wuyar koyarwa ba ne. Kare ya yi ta yunƙurin amai ba abin da ke fita, wannan kaɗai ya isa a tashi mota. Ga rashin natsuwa, ya kwanta ya tashi, ya waiwayi cikinsa, ya gantsare baya. Ga yawu. Ga ciki mai tauri da ƙarar ganga, kodayake likitan ya ja kunnena cewa a wasu karnukan kumburin kan ɓuya ƙarƙashin haƙarƙari da farko, don haka kada a ce sai an ga ciki ya fito. In aka ɗaga leɓensa aka ga dasashi ya koɗe, numfashi ya koma haki, ƙafafu sun fara rawa, to lokaci ya kusa ƙurewa. Yanzu duk mai gadin da ke ƙarƙashina ya haddace wannan, har wanda bai iya karatun boko ba. Abin da ni jahili na iya koya wa mutum 14 a dare ɗaya, ku da kuke da ilimin da muryar ai kun fi ni iya kai shi ko'ina.

Na uku, ko mun gane, ina za mu kai shi? Ciwon nan ya fi son yamma da dare, bayan an ci abinci, daidai lokacin da ƙofofinku ke rufe. Na san akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, amma Zariya tafiyar kusan awa biyu ce, kuma ba kowa ke da zuciyar kama wannan hanyar ƙarfe ɗaya na dare ba. Birni kamar Kano, mai kasuwar Dawanau da Kwari da Singa, da masana'antu a unguwa uku, ga wuraren da ake tsaro da karnuka, a ce ba lamba ɗaya da mai gadi ya san in ya kira tsakar dare za a ɗauka? Wataƙila akwai likitocin da ke fitowa wa manyan abokan cinikinsu. Amma lambar tana wayar Alhaji, Alhaji kuwa yana barci ko yana Dubai. Wanda ke tsaye a kan karen ba shi da ita.

Abin takaicin shi ne ciwon yana da magani. An bayyana mini cewa in kare ya iso da wuri, ana sa masa ƙarin ruwa a jijiya, a rage iskar da roba ta baki ko da allura ta gefen ciki, a ɗauki hoto a tabbatar, sannan a buɗe a warware tumbin, a ɗinke shi a jikin bangon ciki ta dama don kada ya sake juyawa. A inda ake da kayan aiki, kamar 8 cikin 10 na karnukan da aka yi wa aikin suna tashi. In kuwa an sace iskar kawai ba a ɗinke ba, fiye da rabi abin yana dawo musu. Na san ba kowane asibitinku ke da na'urar hoto da wutar da za ta riƙe tiyatar dare ba, na san tsadar dizal, na kuma san ku ma kuna da iyali da tsoron fita da dare. Ban zo da maganar a ɗora wa mutum ɗaya ba.

Na huɗu ya shafi ciyarwa, kuma a nan mu ma muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Tsarin da kusan kowane wurin gadi ke bi shi ne kare ya wuni a kulle da yunwa, a cika masa ciki sau ɗaya da dare, a sake shi nan take. In da wani zai zauna ya tsara hanyar jawo wannan ciwon da gangan, da wuya ya fi haka. Abinci mai yawa a zama ɗaya, da ci da gaggawa, duk suna cikin abubuwan da aka gano suna ƙara haɗarin. In karnuka biyu ne a kwano ɗaya kuwa, kowa haɗiya yake kada ɗan'uwansa ya riga shi. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, kare ya wuni ƙarƙashin rufin kwano ba ruwa, in ya samu sai ya sha kamar raƙumi. Har ma akwai abin da muka yi da kyakkyawar niyya: na sa wani mai walda ya yi mana ƙarafan ɗora kwanon abinci, wai don kada manyan karnuka su wahala da sunkuyo. Daga baya na ji cewa binciken nan na Purdue ya sami ɗaga kwano cikin abubuwan da ke tafiya da ƙarin haɗari. Ƙarafan suna nan a bayan sito, yara na shanya tsumma a kai.

Tun daga lokacin na canza. Sau biyu muke ba su, da safe bayan an mayar da su keji sun huce, da kuma kafin magariba, ta yadda sai abincin ya kwanta kafin a sake su. Kowane kare da mazubinsa, nesa da na wani. Mai haɗama muna baza masa a babban tire, ko mu sa wani ƙaton dutse mai santsi a tsakiyar kwanon ya riƙa zagaya shi. Ruwa yana gabansu wuni guda. Ragowar biki in ta zo, rabawa muke. Ba mu ƙara ko sisi a kuɗin abinci ba, kuma zafinsu da dare bai ragu ba, duk da abin da aka daɗe ana faɗa mana. Ban ce wannan ya kawar da ciwon ba, an gaya mini yakan kama har karen da ake kula da shi ƙwarai. Amma rage haɗari ne da ba ya cin kuɗi, kuma ya kamata a ce daga bakinku muka fara jin sa.

Akwai kuma ɗinkin nan na riga-kafi, wanda ake yi wa lafiyayyen kare tun bai kamu ba, sau da yawa a haɗa shi da ranar fiɗiya ko cire mahaifa. Ba ya hana ciki ɗaukar iska, amma yana hana juyewar da ke kisa. Sojojin Amurka sun mayar da shi ƙa'ida ga karnukansu na aiki. Mutumin da ya iya sayen ɗan kwikwiyon Burbul ya kuma iya ciyar da shi, zai iya sauraron farashin wannan aikin ya yanke wa kansa shawara. Ba a dai taɓa tayar masa da maganar ba. Haka masu kiwon karnuka na sayarwa: an tabbatar karen da uwarsa ko ubansa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon ya fi shiga haɗari, haɗarin kuma na ƙaruwa da shekaru. Amma wa ya taɓa jin mai sayarwa ya ce uban wannan cikinsa ne ya murɗe ya mutu? Hoton uban kawai za a nuna maka a waya.

Na san akwai mai karanta wannan ya ce duk matsalolin Kano a rasa abin rubutu sai kare. Ina jin sa. Amma malamanmu sun karantar da mu halaccin ajiye kare don tsaro da kiwo da farauta, sun kuma karantar da mu labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Dabbar da ka kulle ka sa ta tsare maka dukiya, haƙƙinta na wuyanka. In ma wannan bai isa ba, to a dubi Baba. Shekara 9 yana gadin wurin ba a taɓa rasa ko kwali ɗaya ba, ya koma garinsu da sunan wanda ya haɗa baki da ɓarayi.

Don haka ga roƙona, ranku ya daɗe.

Ku zauna a ƙungiyarku ku tsara karɓa-karɓar dare. Ko asibiti biyu ne a mako, ɗaya ta ɓangaren Bompai da Nasarawa, ɗaya ta ɓangaren Sharada da titin Gidan Zoo, da lamba guda wadda ba ta canzawa. A rubuta ta da manyan baƙaƙe a bayan kowane katin allura, a kuma ce wa mai kare ya manna ta a ɗakin mai gadi. Ku faɗi kuɗin fitowar dare ƙarara tun da rana tsaka, mu kai wa iyayen gidanmu su amince a rubuce, don kada a tsaya ciniki a waya kare na mutuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuma ba shi da kayan tiyata, ya iya rage iskar ya sa ruwa, ya san wurin wanda zai tura mu, kuma ya kira shi kafin mu isa.

Ku yi mana bayanin da Hausa. Takarda ɗaya mai zane ta isa, da saƙon murya na minti biyu da zai zaga WhatsApp, don yawancin masu gadi da kunne suke karatu. In kun sami fili a gidajen rediyon Kano, ku ware masa ko kwata ɗin awa. A faɗi alamun, a faɗi cewa ba irin kumburin akuya ba ne, a ce kada a ɗura komai, kada a huda, kada a jira safiya.

Duk wanda ya kawo babban kare allurar farko, ku tambaye shi sau nawa yake ci a rana da kuma wa ke ba shi. In ya ce yaro ne ko mai gadi, ku ce a zo da shi ranar allura ta biyu. Shi ne ɗalibinku, ba mai motar ba. Ku kuma ambaci ɗinkin riga-kafin da farashinsa, a bar wa mai kare zaɓi. Masu kiwo na sayarwa da ke zuwa wurinku, ku faɗa musu gaskiya su daina haɗa karen da ciwon ya bayyana a jininsa.

Na ƙarshe, kuma don shi na ɗauki biro. In aka kawo muku babban kare da ya mutu farat ɗaya cikin dare aka ce guba ce, ku roƙi a bari ku buɗe shi kafin a binne, ku sauƙaƙa kuɗin, ku rubuta abin da kuka gani a takarda mai hatimi. In gubar ce, a nemi mai laifi. In tumbi ne ya murɗe, a miƙa takardar hannun maigida tun mai gadi bai ɗaure kayansa ba. Ni tawa takardar ta zo bayan motar Baba ta tashi. Tana nan a aljihun tebur ɗina, na aika masa hotonta ta wayar ɗansa, aka karanta masa, ya ce a gaya mini ya gode.

In kun shirya zaman koyarwa, ni zan kawo masu gadi 14 daga wurinmu, na kuma yi magana da takwarorina na Challawa da Bompai sun ce za su kawo nasu. Ranar Lahadi da hantsi ta fi mana, lokacin sun ɗan runtsa bayan aikin dare.

Allah ya ƙara muku basira, ya sa albarka a aikinku. Wassalam.

Naku,
Mai kula da masu gadi da karnuka,
Sharada, Kano.